Daga Goro zuwa Jabana: Gahawa da Lafiyar Mutanen Mai Wurno

A watan Yuli na shekarar 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da hijira zuwa gabas. Wajen 1906 suka isa ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa shi ake kira Mai Wurno har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai Hausawa da Fulani suka ƙara kwarara, ƙauyukansu suka yawaita.

Waɗannan mutane sun baro abubuwa da yawa a gida, ciki har da goro. A ƙasar Hausa da goro ake tarbar baƙo, shi ake rabawa wurin suna da ɗaurin aure, shi ne kuma abokin malami mai karatun dare. A wancan zamanin fatake ke ɗauko shi daga Gwanja. To, amma goro ba ya son bushewa, Sudan kuwa nesa take da kurmi, don haka sai ya zama abin marmari. A madadinsa suka tarar da gahawa, wadda asalinta daga Habasha ne, maƙwabciyar Sudan.

Mutanen Sudan suna kiran irin tasu gahawar jabana, da sunan ɗan tulun yumɓun da ake zuba ta ciki. Ana soya ƙwayar a kan garwashi, a daka ta a ɗan turmi, a tafasa da citta, wani lokaci da kanumfari ko kirfa, sa'an nan a zuba a ƙananan finjali da sukari mai yawa. Baƙin suka koyi wannan al'ada daga maƙwabtansu. Abin da ba su sani ba shi ne, sinadarin da ke kore barci a goro shi ne dai a cikin gahawa. Sunansa kafeyin, kuma wani Bajamushe mai suna Runge ne ya fara tace shi daga gahawa a 1819.

Shin gahawa tana cutarwa? Wannan gardama ta girmi Mai Wurno da shekaru ɗaruruwa. Sufayen Yaman sun riƙa shan ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri. A 1511 wani jami'in Makka, Khair Beg, ya tara malamai, likitoci biyu suka ba da shaida cewa tana ɓata jiki, aka hana shan ta. Hanin bai daɗe ba. Zargin ya sake tasowa a zamaninmu: a 1991 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa gahawa na jawo ciwon dajin mafitsara. A 2016 cibiyar ta janye wannan magana, amma ta yi gargaɗi cewa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon daji a hanyar abinci ta maƙogwaro.

A yau bincike ya nuna masu shan gahawa daidai wa daida ba su cika kamuwa da ciwon sukari da wasu cututtukan hanta kamar waɗanda ba sa sha ba. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 na kafeyin a rana, wato kamar manyan kofuna huɗu, ba ya cutar da baligi mai lafiya. Mace mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Wanda ya zarce haka yakan gamu da rashin barci, faɗuwar gaba da rawar hannu.

Mai shan jabana yana da abubuwa uku da zai ƙara lura da su. Na farko, gahawar da aka tafasa ba a tace ta da takarda ba tana ɗauke da wani maiƙo mai ƙara kitse a jini. Na biyu, shan ta tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke samu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mata da masu ƙarancin jini a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Na uku shi ne sukari: finjali ƙarami ne, amma in an zagaya sau uku safe da yamma, sukarin ya taru.

Ashe ke nan illar tana cikin yawan sha, da zafi, da sukari. Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Jikokin mutanen Burmi sun sami abin da ya tsaya musu a matsayin goro wajen karrama baƙo, saura su san iyakarsa, su rage sukari, su bar finjalin ya ɗan huce kafin su kai baki.