Baƙin mai a cikin ruwa: daga tekun Ingila zuwa kwatar Samaru

Yau ba maganar waya za mu yi ba, ɗan tarihi na kawo maka. In ka taɓa bi ta bakin gareji a Sabon Gari bayan an ɗauke ruwan sama, ka san launin bakan gizon nan da ke yawo a kan ruwan kwata. Baƙin mai ne, na mota da na janareta. Kwatocin Samaru kuwa Kubanni suke gangarawa, inda dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello yake, ita kuma Kubanni ta ratsa gari ta faɗa Galma.

Yawancinmu in mai ya zube, omo muke barbaɗawa mu kora da ruwa. To manya sun riga mu yin wannan kuskuren. A watan Maris na 1967 jirgin dakon mai Torrey Canyon ya daki dutse kusa da gaɓar Ingila, ɗauke da ɗanyen mai sama da tan 100,000. Aka yi ta kwarara sinadarin wanki a teku, har jiragen yaƙi aka tura suka jefa wa jirgin bama-bamai don man ya ƙone. Daga baya aka gano sinadarin ya fi man kansa kashe halittun bakin gaɓa. Sabulu ba ya cire mai, farfasa shi yake yi ya gauraye da ruwan. Ido ne kawai ya daina gani.

Dabarar da ta fi aiki tsohuwa ce: mai bai kai ruwa nauyi ba, in ka bar shi ya natsu sai ya taso a yaɗe shi. A teku, shinge mai iyo ake kewaye shi da shi, inji ya zuƙe.

Wanda ya fi burge ni mai gyaran gashi ne a Alabama ta Amurka, Phil McCrory. A 1989 yana kallon ɓarnar jirgin Exxon Valdez a talabijin, sai ya lura da yadda mai ya manne wa gashin dabbobin ruwa. Ya tara gashin shagonsa ya cusa cikin doguwar safar mata, ya jefa cikin ruwan da ya zuba wa man inji, gashin ya kwashe man. Ka tuna buhun gashin da masu aski ke zubarwa kullum a Samaru!

Sai dai fa wannan na saman ruwa ne kaɗai. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya samu sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, a rijiyoyin Ogale ya ninka ƙa'ida sau 900, ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Abin da ya riga ya narke a ruwa, sai gawayi na musamman ko ƙwayoyin halitta masu cin mai.

Don haka in rijiyarku ta fara warin fetur ko kalanzir, alif ba zai gyara ta ba, kar kuma ka dogara da tafasawa, a daina sha a kai ruwan gwaji. In ka juye man janareta, tara shi a jarka. Wanda ya zube a ƙasa ka zuba masa garin katako ko yashi, ka kwashe kafin ruwa ya taɓa wurin.