Sauya Yawan Firam da Mayar da Bidiyo Zuwa Dijital: Nazari Kan Taskace Finafinan Hausa na Kaset

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da ke samun hoton bidiyo idan aka sauya yawan firam ɗinsa a sakan ɗaya, ko aka kwashe shi daga kaset zuwa kwamfuta. An kwatanta tsarin PAL da SECAM da NTSC ta hanyar lissafin ƙa'idojinsu, aka ɗora sakamakon a kan finafinan Hausa na kaset. Maƙalar ta nuna cewa hoto yana lalacewa a lokacin sauyi, don haka ya kamata kwafin ajiya ya riƙe tsarin asali.

1.0 Gabatarwa

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa farkon shekarun 2000, a kaset ɗin VHS finafinan Hausa suka riƙa shiga kasuwa. Kamfanin JVC ne ya ƙirƙiro wannan kaset a 1976, kuma kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna shi, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA suka yi gargaɗin cewa abin da ke kan zaren maganaɗisu, irin na cikin kaset, yana gab da salwanta. Kwashe waɗannan finafinai ya zama dole. Abin tambaya shi ne yadda za a kwashe su.

2.0 Tushen Bambancin Firam

Fim ɗin silima yana tafiya da firam 24 a sakan. Talabijin kuwa ta ɗauko nata adadin daga bugun wutar lantarki. Ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50 a sakan suka tsaya a kan firam 25 da layuka 625, waɗanda 576 ne ke ɗauke da hoto. A nan PAL yake, wanda Najeriya da Ghana suka bi, da SECAM na Faransa, wanda Nijar ta bi. Amurka mai bugu 60 ta ɗauki tsarin NTSC mai layuka 525 da firam 30, sannan ta rage zuwa 29.97 a 1953 domin shigar da launi ba tare da ya yi karo da sauti ba.

A dukkan tsarin uku, kowane firam rabi biyu ne: a fara zana layuka na 1 da 3 da 5, sannan a dawo a cike na 2 da 4 da 6. Kowane rabi an ɗauke shi a lokacinsa daban. Ke nan kaset ɗin PAL yana riƙe da motsi sau 50 a sakan.

3.0 Hanyoyin Sauya Firam

Hanya ta farko ita ce ƙara gudu. Idan za a nuna fim mai firam 24 a PAL, sai a tafiyar da shi a 25. Gudun ya ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100: fim ɗin minti 100 ya koma minti 96, murya da kiɗa kuma su ɗan yi sama, sai dai in an gyara sautin.

Ta biyu ita ce maimaitawa ko zubarwa. A NTSC ana rage gudun fim zuwa 23.976, a raba firam huɗu a kan rabi goma, wani ya samu uku, wani biyu. Daga 25 zuwa 30, ana maimaita firam ɗaya cikin kowane biyar. Daga 30 zuwa 25, ana zubar da ɗaya cikin shida. Sakamakon shi ne motsi mai tsalle-tsalle, wanda ya fi fitowa a wuraren rawa da waƙa, inda jiki da kyamara ke motsi tare.

Ta uku ita ce ƙirƙiro sabon firam tsakanin biyu, ta hanyar gauraya su ko ƙiyasta inda motsi ya nufa. Gauraya tana haifar da inuwa biyu a gefen abin da ke motsi. Ƙiyasi ya fi santsi, amma yana sanya wa fim hoton da kyamara ba ta taɓa ɗauka ba.

4.0 Daga Kaset Zuwa Kwamfuta

Ƙa'idar BT.601 ta 1982 ta tanadi a auna siginar haske sau miliyan 13.5 a sakan, abin da ke ba da ɗigo 720 a kowane layi a tsarin 625 da 525 baki ɗaya. Saboda haka girman da ya dace da kaset ɗin PAL shi ne 720 sau 576, a firam 25, tare da rabinsa biyu a jere yadda suke.

Faifan VCD, wanda ya gaji kaset a kasuwar Kano, yana ɗaukar 352 sau 288 ne kawai. Wato ɗigo 101,376 a madadin 414,720, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba ya riƙe rabin firam biyu daban-daban. Idan aka sake kwashe wannan faifai aka matsa shi zuwa firam 30 domin intanet, an tara asara uku: ta girma, ta motsi da ta matsewa. Babu manhajar da ke dawo da abin da aka zubar.

Akwai kuma matsalolin na'ura. Zaren kaset ba ya tafiya daidai, shi ya sa ake buƙatar TBC, mai daidaita lokacin kowane layi kafin a auna shi. Kaset ɗin SECAM daga Nijar, ko da yake firam ɗinsa 25 ne, fari da baƙi zai fito a na'urar da PAL kaɗai ta sani.

5.0 Kammalawa

Lissafin ya nuna buƙatar raba kwafin ajiya da kwafin kallo. Na ajiya a ɗauko shi daga kaset mafi kusa da asali, a bar shi a 720 sau 576 da firam 25. Awa ɗaya da ba a matse ba tana cin kimanin gigabayit 93 a ma'aunin bit 10, amma tsarin FFV1 yana rage nauyin ba tare da zubar da komai ba. Kwafin kallo a ciro shi daga na ajiya, a mayar da kowane rabi cikakken firam, a samu 50 a sakan. Ana kira ga jami'o'i da gidajen talabijin da furodusoshin da ke riƙe da kaset ɗin asali da su haɗa kai a kan wannan ma'auni ɗaya, su fara aikin tun na'urorin kunnawa suna da sauran kayan gyara.