Daga Gafaka Zuwa Fuskar Waya: Tarihin Tsara Shafi a Wajenmu

Mai karatu, yau ba labarin soyayya na kawo maka ba. Ina so mu ɗan waiwayi tarihin wani abu da kullum yake gaban idonmu amma ba mu cika kula da shi ba, wato yadda ake tsara shafi: inda rubutu zai zauna, inda za a bar fili, launin da za a sa, da wurin da mai karantawa zai tsaya ya numfasa. Da yawa daga cikin matasan marubuta suna zaton wannan ilimi kwamfuta ce ta zo da shi. Ni kuwa da na tashi a Jega, na kuma yi ta zirga-zirga tsakanin Aliero da Maiyama ina leƙa zaurukan malamai, na daɗe da ganin cewa magabatanmu sun riga mu sanin sa, kuma dalilinsu guda ne: rubutu a wajensu abin furtawa ne, saboda haka shafi ake tsarawa domin ido ya yi wa murya jagora.

Wannan yanki namu ba baƙon alƙalami ba ne. Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har rasuwarsa a 1829, tana kusa da Aliero. Jega kanta Buhari ɗan Malam Abdussalami Bagimbane ne ya kafa ta wajen 1820, ta kuma zama babbar kasuwa a bakin Gulbin Zamfara. Littattafan Malam Abdullahi, irin su Tazyinul Waraƙat da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da hannu aka riƙa kwafe su, ɗalibi ya kwafa daga malami, wani ya kwafa daga ɗalibin. Takardar kuwa daga nesa take zuwa. Mafi shahara ita ce wadda ake yi a ƙasar Italiya, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara, wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga hoton jinjirin wata guda 3 a jikinta. Abin da ya sha wannan tafiya ba zai yi araha ba.

To, a nan ne abin mamakin yake. Duk da tsadar takarda, ɗauki tsohon littafin fiƙihu ko na nahawu ka duba, za ka tarar an bar fili mai faɗi a gefe, an kuma ware layi da layi sosai, wani shafin layi 6 ko 7 kawai ke ciki. Wanda bai sani ba sai ya ce ɓarna ce. Alhali filin na ɗalibi ne: a nan zai rubuta fassarar da malam ya ba shi da baki, da Hausa ko da Fulatanci, cikin ƙananan baƙaƙe, wani lokaci a karkace don kada ta cakuɗe da ainihin matanin. Kana kallo sau ɗaya ka san wanne ne maganar marubuci, wanne ne ƙarin bayani. Babban rubutu da ƙarami, kowa da matsayinsa.

Haka launi. A Alƙur'anin da mahaddatanmu ke rubutawa da ka, baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasali, ɗigon rawaya na hamza. Babu launin da aka sa don ado kawai, kowanne aiki yake yi wa harshe. Akwai alamar ƙarshen aya, akwai kumsa a kan aya ta biyar, akwai kuri a kan ta goma, sannan zayyana ta fito a gefe inda aka kai sumuni ko rubu'i ko hizbi, yadda mai neman wuri zai same shi ba tare da lambar shafi ba. Da yake ba a ɗinke takardun, a gafaka ake zuba su, sai aka yi wata dabara da har gobe nake jinjina mata: a ƙasan shafi ana rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye. In iska ta watsa takardun, wannan kalma ce za ta mayar da kowacce gidanta, kuma mai karatu ba ya yanke murya yayin juya shafi, don ya riga ya ga abin da ke zuwa.

Waƙa ma tsari ce ta wannan fuska. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta san yawancin matan da take son saƙonta ya kai gare su ba za su riƙe takarda ba, jajis ne za su haddace su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Shi ya sa aka zuba ilimin a baiti, da kari da amsa-amo, domin in kalma ta faɗi kunne ya ji gurbinta. Makaɗan baka irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo su ma haka: gindin waƙa yana dawowa bayan kowane ɗa, mai sauraro ya huta a kansa kafin a ɗauko wata magana.

Da boko ya zo, matsala ta farko da aka ci karo da ita ita ce baƙaƙen Turawa ba su ishi bakin Bahaushe ba. Hans Bisa, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, da ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin b da d da k don a bambanta su. Sai a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka koma ga masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A wannan zamanin ne gasar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Duba tsofaffin littattafan Zariya na koyon karatu: manyan baƙaƙe, gajerun sakin layi, zane a inda labari ya kai wurin da ya kamata a gani. Su ma sun san mutum ɗaya ne zai karanta a dandali, goma na saurare.

Zamanin da yawancinmu muka buɗe ido a cikinsa shi ne na littattafan Kano, daga tsakiyar shekarun 1980: Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino, Bilkisu Ahmed Funtuwa da sauransu. Masana sun yi ta sukar su a kan kurakuran bugu, kuma ba ƙarya suka yi ba, don wani littafin tawadar shafi ɗaya takan fito a bayan ɗaya. Amma ta fuskar tsari waɗannan mutane sun san kasuwarsu. Littafi siriri, mai shiga jaka ko ƙarƙashin matashi. A raba shi na 1 da na 2 da na 3 don kuɗin ya yi sauƙi. A yanke labarin daidai inda zuciya ta rataya. Bango kuwa hoto ɗaya ne babba da suna mai kauri, wanda za ka hango daga cikin mota a tashar Jega tun kafin mai talla ya iso tagar. Daga baya, da aka samu kwamfuta a kowane shago, sai bangon ya cika da fuskoki biyar da furanni da mota da bene da rubutu kala huɗu, har ido ya rasa inda zai fara sauka. Ban taɓa ganin inda yawan kayan aiki ya rage kyawun aiki kamar nan ba.

Kaset ma ya koyar da nasa darasin. Mai minti 60, minti 30 ne kowane gefe, dole mai waƙa ko mai wa'azi ya san inda zai kai aya kafin zare ya ƙare. Masu karanta littattafai a gidajen rediyo kuma sun san sauya murya tsakanin saurayi da budurwa da tsohuwa, sun san shirun da ake yi kafin a faɗi mugun labari.

Yanzu ga mu a waya. Littafi kan iso ta WhatsApp ko Facebook, babi guda curi ɗaya ba sakin layi, maganar Hajiya da ta kishiyarta a layi ɗaya ba alamar zance, sai ka koma baya sau biyu kafin ka gane wa ya yi zagin. Ga alamun dariya da na kuka an jera su a tsakiyar jimla kamar albasar Aliero a kan tabarma. Takarda ta daina tsada, fili kyauta ne, amma mun fi mai kwafe littafi a Gwandu rowar sa. Lanƙwasar da aka sha wahala kafin a samu ita ma mun yar, ga shi kuwa allon rubutun Hausa yana cikin kusan kowace waya ta zamani. Na karanta wani labari inda aka ce amarya ta farka tsakar dare tana fama da "kishi", na yi ta jiran in ga wace ce ta tayar mata da hankali, ashe ƙishi ne, ruwa take nema. Wani kuma ya rubuta "baki sun cika gidan", ka rasa baƙi ne ko baki.

Masu mayar da littattafai sauti a YouTube su ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sakaci, domin su ne ke furta abin da aka rubuta. Za ka ji mai karatu ya kwasa da gudu ya wuce ƙarshen jimla, ya dawo, ya gyara, ga kiɗan da aka sa a ƙasa ya danne muryarsa. Sa'ad da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, labaran da suka yi fice karanta su aka riƙa yi a rediyo, kuma duk wanda ya saurara ya ji bambancin labarin da marubuciyarsa ta san inda ake tsayawa. Kafin ki tura babi na gaba, 'yar'uwa, ki ba ƙanwarki ta karanta miki shi da ƙarfi ba tare da kin yi mata bayani ba. Duk inda ta yi tuntuɓe ko numfashinta ya ƙare, ki sa alama da biro, nan ne ake bukatar aya, ko sabon layi, ko lanƙwasa.