Kan jirgin da ke ajiye a Minna da abin da ya shafe mu

Da yawa daga cikin yaranmu a nan Jalingo ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba, domin layin dogo bai taɓa zuwa garinmu ba. Duk da haka tarihinsa namu ne, kuma akwai inda za a je a gan shi.

A tashar jirgin ƙasa ta Minna an ajiye wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi, wanda kamfanin Hunslet na Ingila ya ƙera a 1901. Shi ne na farko da ya yi aiki a Arewa. An kawo shi ne lokacin da Lugga ke gina hedikwatarsa a Zungeru, don ya riƙa jan kayan gini daga gaɓar kogin Kaduna, inda jiragen ruwa ke saukewa. Faɗin dogon nasa ƙafa biyu da rabi ne kacal. Aikinsa kuwa, a hura wuta, ruwa ya tafasa a tukunya, ƙarfin tururi ya juya ƙafafu.

Da babban layin Baro ya isa Kano a 1911, sai aka kwashe ƙarafan wannan ƙaramin layi aka yi amfani da su wajen shimfiɗa wani daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, saboda kuza. An gama shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Wasu kawunan jiragensa suna nan a gidan tarihi na Jos.

Ku duba ku gani, inda kaya yake nan dogo ke bi: gyaɗa da auduga a Kano da Zariya, kuza a Jos. Mu kuwa ƙasar Muri, Binuwai ce hanyarmu, ana loda kaya a Lau da Ibi idan ruwa ya cika. Ko layin da ya isa Gombe a 1963 da Maiduguri a 1964, ta arewa da mu ya wuce.

A wasu ƙasashe irin waɗannan tsofaffin injuna har yau suna numfashi. A Darjeeling ta Indiya, jirgin tururi na ɗaukar masu yawon buɗe ido a kan layin da aka buɗe tun 1881. A Wales ta Birtaniya, 'yan sa-kai ne suka karɓi layin Talyllyn a 1951 da ya kusa mutuwa, kuma yana aiki har yanzu. Ƙungiya ce irin tamu ta yi wannan.

Namu kuwa suna tsaye, tsatsa na ci, ga 'yan gwangwan da ba su bar tsohon ƙarfe ya kwana ba. Abin da ba a ziyarta, ba a jin ɓatansa.

Shawararmu ita ce, duk wanda hanya ta kai shi Jos ko Minna da iyali, ya tsaya ya nuna wa yara, ya ɗauko hoto ya sa mana a nan. Dattawanmu da suka taɓa shiga jirgin kwal kuma, a zauna da su a rubuta abin da suka gani tun suna raye. Allah ya sa mu dace.