Tunawa da Ma'aikatan Asibiti na Shekarar 2005

A cikin shekaru ɗari na wannan sarauta akwai bayin Allah da ba a naɗa musu rawani ba, amma ya wajaba a ambace su. Su ne ma'aikatan asibitin da suka tsaya wa ƴaƴanmu a yunwar 2005.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta auka wa gonaki. Kafin wata kakar ta zagayo, tiyar hatsi ta gagari talaka. A lokacin Gazawa tana ƙarƙashin gundumar Agye, domin sai a 2011 ta samu tata. A Agye ɗin ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe ɗaya daga cikin cibiyoyinta na jinyar yara masu tamowa.

Da yake gadaje ba za su wadatar ba, sai masu tafiyar da aikin suka tsara cewa yaron da ciwonsa ya tsananta kaɗai za a kwantar. Sauran kuwa a auna su, a ba uwa Plumpy'Nut, wato haɗin gujiya da madara, ta koma gida, ta dawo da yaron kowane mako. Da haka ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a wannan shekara. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya.

Yaran da suka tsira a lokacin, yau sun zama samari da ƴanmata a cikinmu. Allah Ya saka wa waɗannan ma'aikata da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Ya jiƙansu, amin.