Renon Dogayen 'Yan Wasa a Ƙwallon Kwando

A ƙwallon kwando, dogaye su ne 'yan wasan da ke tsayawa kusa da kwando, waɗanda ake kira lamba huɗu da lamba biyar. A manyan gasa tsawonsu kan wuce mita biyu, wasu har su haura mita 2.13, wato ƙafa bakwai. Da yake kwandon yana rataye ne mita 3.05 daga ƙasa, su aka ɗora wa cafke ƙwallon da ta ƙi shiga, da doke wadda abokin hamayya ya jefa, da tare wa ɗan'uwa mai gadinsa don ya samu hanyar wucewa. Renon irin waɗannan matasa fanni ne mai zaman kansa a ƙungiyoyin ƙwararru, kuma abin da aka fi sani game da shi shi ne cin lokaci.

Dalili na farko shi ne makara. Gajere yakan taso da ƙwallo a hannu tun yana ƙarami, amma dogo sai tsawonsa ya bayyana ake jawo shi fili. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa kuma ɗan wasan ƙwallon hannu, bai fara kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. Haka ma Joel Embiid na Kamaru. Na biyu kuwa jiki ne. Ƙashi kan riga tsoka girma, ga nauyi mai yawa da ke sauka kan gwiwa da tafin ƙafa a kowane tsalle. An ɗauki Embiid na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a 2014, amma karayar wani ƙashi a ƙafarsa ta hana shi wasa kaka biyu cur. Ƙungiyar Philadelphia ta jira shi, a 2023 ya zama gwarzon gasar. Ba kowace ƙungiya ke da wannan haƙurin ba.

Horon kansa daga ƙafa yake farawa: yadda za a kafa ƙafa ɗaya a juya da ɗayar ba tare da an yi takun da doka ta hana ba, yadda za a ba mai gadi baya a karɓi ƙwallo, da yadda za a miƙe hannuwa sama a tare ba tare da an bugi mutum ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, shida a NBA, kuma sabon dogo yakan cika su da wuri saboda yana tsalle wa duk wata yaudara. Kocin Amurka Pete Newell ya fara sansanin horar da dogaye a 1976 kan wannan aikin ƙafa. Shi kuwa Olajuwon, lokacin da yake Jami'ar Houston, a hutun bazara ya riƙa gogawa da Moses Malone, ƙwararren da ya girme shi. Olajuwon ya fito na ɗaya a zaɓen 1984, ya ci kofi a 1994 da 1995.

A ƙasar Hausa, Zariya ce cibiyar wannan aiki. Oliver B. Johnson, Ba'amurken kocin da aka fi sani da OBJ, ya shafe gomman shekaru yana koyar da yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin almajiransa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors ta Kanada har ta ci kofin NBA a 2019. A 2003 Ujiri ya kafa Giants of Africa, ya kuma riƙa shirya sansani biyu a Najeriya: ɗaya na zaratan matasa hamsin, ɗaya na dogaye zalla.

Labarin Solomon Alabi ya nuna amfanin wannan hanya da kuma iyakarta. An haife shi a Kaduna a 1988, tsawonsa mita 2.16. Daga sansanin Ujiri ya tafi makarantar Montverde a Amurka, ya wuce Jami'ar Jihar Florida, inda tsagewar ƙashin ƙwauri ta cinye masa mafi yawan shekararsa ta farko. Bayan ya warke ya yi suna wajen doke ƙwallo. Dallas ta ɗauke shi na 50 a 2010 ta miƙa shi ga Toronto, lokacin Ujiri yana mataimakin manaja a can. Toronto ta riƙa tura shi ƙaramar gasa don ya samu mintocin wasa, amma kaka biyu kawai ya yi a NBA, mafi yawan sauran wasansa a Girka da ƙasashen Asiya ya yi. A ganin mai wannan rubutu, ba gazawa ba ce. Wanda ya fara a makare shekara biyu ba ta isarsa. Toronto dai ita ta ɗauki Pascal Siakam na Kamaru na 27 a 2016, ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta Raptors 905, ya ci kofi da ita a 2017, bayan shekara biyu aka ba shi lambar wanda ya fi kowa ci gaba.

Wasan ma ya sauya. Yanzu ana bukatar dogo ya iya jifa daga nesa, ya kuma bi gajere mai sauri har bakin layin maki uku.

A gida, ga dogon yaro daga Yankwashi, Roni, Gwiwa ko Kazaure, ƙofa mafi kusa ita ce Kano, inda Kano Pillars ke wasa a rufaffen ɗakin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ƙungiyar ta ci gasar Najeriya sau da dama, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun Afirka a 2016. Sai dai rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ya ɓarke a 2017 ya sa gasar cikin gida ta yi ta tsayawa, dogo kuwa ba ya nuna sai da yawan wasa.

Mafi yawan renon ya koma waje. NBA ta buɗe makarantarta ta Afirka a Senegal a 2017, gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL ta fara a Kigali a 2021, kuma daga 2022 aka fara ba kowace ƙungiyar gasar ɗalibi ɗaya daga makarantar. Ta wannan hanya Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya bi, aka ɗauke shi na goma a zaɓen NBA na 2025.