Tarihin Gano Barcin Mafarki

Tun fil azal ɗan Adam yake tambayar ma'anar mafarki. A duniyar Musulunci sunan Ibn Sirin na Basra ya shahara wajen fassararsa, a Turai kuma Sigmund Freud ya fitar da littafinsa kan fassarar mafarki mai ɗauke da shekarar 1900. Dukkansu sun dogara ne da abin da mai mafarki ya ba da labari bayan ya farka. Ba a san lokacin da mafarki yake aukuwa cikin dare ba, kuma akasarin likitoci sun ɗauka cewa ƙwaƙwalwa hutawa kawai take yi idan mutum ya yi barci.

Matakin farko ya zo ne daga Jamus, inda Hans Berger ya wallafa a 1929 cewa ana iya auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta hanyar liƙa wayoyi a fatar kai. Da irin wannan na'ura Eugene Aserinsky, ɗalibin Nathaniel Kleitman a Jami'ar Chicago ta Amurka, ya fara bincike a 1951. Ɗansa mai shekara 8 yana cikin waɗanda ya fara gwadawa a kansu. Can cikin dare sai alƙaluman na'urar suka shiga kai da komo kamar yaron ya farka yana dube-dube. Da ya je ya duba, sai ya tarar yaron yana sharar barci, idanunsa ne kawai ke motsi a ƙarƙashin fatarsu.

Aserinsky da Kleitman suka riƙa tayar da masu barci suna tambayarsu. A cikin sau 27 da aka tayar da su lokacin motsin ido, sau 20 sun ba da labarin mafarki dalla-dalla. A cikin sau 23 da aka tayar da su idanu na kwance, sau 19 ba su tuna kome ba. An buga sakamakon a mujallar Science a Satumbar 1953. A 1957 William Dement da Kleitman suka nuna cewa wannan yanayi yana dawowa kusan kowane minti 90, kuma yana ƙara tsawo gab da asuba.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa wanda yake gudu a mafarki ba ya tashi ya ruga? Michel Jouvet na birnin Liyon a Faransa ya amsa ta a 1959. Ya gano a jikin kyanwoyi cewa a wannan lokaci ƙwaƙwalwa tana aiki kamar a farke, amma tsokokin jiki sun saki gaba ɗaya. A 1965, da aka lalata wani ɗan yanki a gindin ƙwaƙwalwarsu, sai kyanwoyin suka riƙa miƙewa cikin barci suna kai hari ga abin da babu shi.

Wannan ya bayyana larurori biyu. Idan mutum ya farka alhali jikin bai kuɓuta daga wannan ɗauri ba, sai ya ji ya kasa motsi ko magana, kamar an danne masa ƙirji. Shi ne Bahaushe yake kira dannau, kuma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Idan kuwa ɗaurin ne ya gaza, sai mai barci ya riƙa naushi da harbi, har ya ji wa abokin kwanansa rauni. Carlos Schenck da Mark Mahowald sun siffanta wannan cuta a 1986, daga baya kuma aka tabbatar cewa sau da yawa takan riga cutar Parkinson bayyana da shekaru.

Na'urar ba ta faɗi ma'anar mafarki ba, kuma daga baya an gano cewa ana yin mafarki a sauran matakan barci ma. Amma ta mayar da dare fagen binciken likita, ta kuma bambance dannau, wanda tsoronsa ya fi cutarwarsa, da larurar da ke buƙatar a garzaya asibiti.